KANGON BARIKI SHAIDAR TALAKA NE

Ya ku 'yan'uwana talakawa, manoma da masaƙa da mahauta da 'yan koli, da ku masu kasa kaya a kasuwar Achida da ta Goronyo da ta Rabah! Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da muke wucewa ta gabansa kullum muna kau da kai, watau tsofaffin gine-ginen zamanin Turawa da ke cikin garuruwanmu, waɗanda yanzu awaki ke kwana a cikin waɗansunsu, jemagu kuma sun gaje sauran.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne, da daminar da ta wuce na je wani gari daga cikin garuruwan nan namu kan aikin jam'iyya, sai na tarar kusurwar wani tsohon ɗakin shari'a ta zube saboda ruwa. Da na koma bayan wata biyu, ko tubali ɗaya ban gani ba. An share wurin, an ja layi, an fara kafa harsashin shaguna. Na tambayi masu shayi da ke gefen wurin wa ya ba da izni, kowa ya ce bai sani ba. Wani dattijo kaɗai ya ce mini, "Yaro, ubana yana cikin waɗanda suka ɗauko azarar ɗakin nan a ka, kuma ko anini ba a ba shi ba." Tun daga ran nan maganar tsohon nan ta hana ni sakat, don kuwa ni ma kakana ya sha gaya mana yadda aka fizge shi daga gona da tsakiyar shuka aka kai shi kwaɓar ƙasar bariki.

Bari mu tuna yadda abin ya faro. Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga watan Maris, 1903. Daga nan suka yanka ƙasa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya zauna a babban garin gundumarsa ya tara haraji. To, kowane babban garin gunduma kuwa akwai waɗansu gine-gine da ake tsayarwa a cikinsa sannu a hankali. Akwai ofishin hakimi inda malamin haraji ke zama da littafinsa. Akwai ɗakin shari'a na alƙali, da ɗan ɗakin da ake tsare mai laifi kafin a tura shi birni. Akwai bariki a bayan gari, inda Di'o ke sauka in ya fito rangadi. Daga baya aka ƙara makarantar elementare, da ɗakin shan magani, da rijiyar siminti, da rumfunan kasuwa, da mahauta, da rumfar shanya fata, saboda Turawa suna matuƙar son fatar jar akuyar Sakkwato, sun kuwa fi son wadda aka shanya a inuwa. A wani garin abin da ya rage yau bango ne, a wani harsashi ne kawai, a wani kuwa ginin yana nan tsaye an mai da shi ɗakin ajiyar tarkace.

Yanzu sai mu yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Da kuɗin wa aka yi su? Sarkin Ingila bai aiko da sisin kwabo daga aljihunsa don a gina ɗakin shari'a a ƙasar Rabah ba. Kuɗin daga Baitulmalin En'e suka fito. Baitulmali kuwa ba ya haihuwa. Abin da ke cikinsa shi ne harajin da aka karɓa daga hannun manomi bayan ya sayar da damin geronsa, da jangalin da aka ƙirga kan kowace saniya ta Bafillace, da kuɗin da aka tara a kasuwa da kotu. Wanda ya kasa biya ya san abin da ke samunsa. Tsofaffinmu suna ba da labarin shanya mutum a rana, da sayar da akuyar matarsa, da waɗanda suka gudu suka bar garinsu don tsoron dogari.

Sa'an nan da hannun wa aka yi su? Di'o bai taɓa taka ƙasar gini ba. Hakimi ne ke aika wa dagatai, dagatai su aika wa masu unguwa, a ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya. Waɗansu su haƙo jar ƙasa, waɗansu su ɗebo ruwa daga gulbi, waɗansu su taka ƙasa da ciyawa, waɗansu su mulmula tubali su shanya, waɗansu kuma a tura su kwana da kwanaki su ɗauko azarar giginya. Maginanmu ne suka ɗaure bakan gizo, suka sa indararo, suka shafe bango da makuba don kada ruwa ya ci shi. Ko bayan da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar hana aikin tilas a Janiba cikin 1930, aka kuma yi doka a kan haka a Nijeriya cikin 1933, an bar wata ƙofa a buɗe wadda ta yarda sarakuna su sa mutane ƙananan ayyukan gari. Ta wannan ƙofa aka ci gaba da shigar da abin da aka ga dama. Da yaƙin Hitila ya yi zafi kuma, daga 1942 zuwa 1944, aka yi diban gwamna, aka kwashi samarin Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su komo ba.

Saboda haka, jama'a, in kun ga kangon bariki, ku sani gumin kakanninku kuke gani. Kuɗinsu ne, ƙarfinsu ne, gwanintarsu ce. Bature ya kwana a ciki ne kawai.

Ɗakin shari'a kuwa labarinsa ya fi haka nauyi. Ku dubi abin da ya sami Ahmadu Bello kansa, wanda aka haifa a Rabah, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ya kuma yi hakimcin Rabah daga 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Cikin 1943, yana aiki a Gusau, aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi sarai. To, in ɗan sarauta mai ilmin Kwalejin Katsina sai da ya kai ƙara Zariya kafin ya sami gaskiyarsa, ina labarin talakan da bai san hanyar Zariya ba, bai kuma da kuɗin mota? Bayan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga watan Agusta, 1950, a irin waɗannan ɗakunan shari'a na En'e aka riƙa gurfanar da mutanen Malam Aminu Kano a faɗin Arewa, a ɗaure wani don ya yi lacca ba da izni ba, a yi wa wani bulala don an ce ya zagi sarki. 'Yancin da muke da shi yau na tsayawa a bakin kasuwa mu faɗi ra'ayinmu, a cikin ɗakunan nan aka biya kuɗinsa. Ashe ya kamata mu bari a rushe su a boye, a kafa shagon sayar da katin waya a kai?

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce akawun nan ɗan makarantar mishan ne, shi ya sa yake kewar Turawa. To, na ji. Gaskiya ne a can na koyi karatun boko. Amma a can ɗin ne kuma na lura da wata ɗabi'a tasu, watau ba su yar da takarda, ba su kuma rushe abin da zai zama hujjarsu gobe. Ga misali daga Wurno ɗin nan tamu. Cikin 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya zo wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba a madadin kamfanin 'yan kasuwar Ingila, wanda daga baya aka sani da Kamfanin Neja. Ya koma da wata takardar alkawari. Mutanen Sakkwato sun ɗauka maganar ciniki ce da kyauta. Kamfani kuwa ya adana takardarsa, ya riƙa nuna wa Faransa da Jamus ita, yana cewa an ba shi iko a ƙasar. Da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ran 1 ga watan Janairu, 1900, irin waɗannan takardu suna cikin abin da ya dogara a kai. Darasin a fili yake: mai ajiyar shaida shi ke cin shari'a. Mu talakawa ba mu da takardu da yawa, gama kakanninmu ba a sa su makaranta ba. Shaidarmu ita ce bangon nan. Ranar da wani ya tashi ya ce wa jikokinmu ba a taɓa yin aikin tilas a ƙasar nan ba, ko ya ce mulkin En'e duk adalci ne, me za su nuna masa? Gani ya kori ji.

Waɗansu kuma za su ce, kuma maganarsu ta fi ta farko ƙarfi, "Malam, ana kashe mu kana zancen kango?" Wallahi ban manta ba. Ban manta da mutanen Tabanni ta ƙasar Gandi da aka kashe cikin 2018 ba. Ban manta da ranar 17 ga watan Oktoba, 2021 ba, da 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Allah ya jiƙansu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Maganar tsaron rai tana gaba da kowace magana, kuma wannan jarida ba ta taɓa yin shiru a kanta ba. Amma ku lura da abu guda. Wannan masifa ta kwaso tsofaffin ƙauyuka ta zube su cikin manyan garuruwa, suna zaune a zaurukan 'yan'uwa da ɗakunan makarantu, ba gona, ba mai tambayarsu kome. Su ne suka san wane ƙauye ya ɗauko azara, wane magini ya ɗaure rufi, wa aka tsare a wane ɗaki. Wanda ya yi wayo a shekarar da aka sami mulkin kai, 1960, yau ya haura 70. Kowace damina muna binne waɗansunsu, kowace damina kuma wani bango yana faɗuwa. In muka ce sai an gama da 'yan bindiga tukuna, za mu waiwaya mu tarar ba tsoho ba bango.

Ku dubi yadda waɗansu garuruwa suka yi. A Katsina, ginin ƙasar da aka buɗe Kwalejin Katsina a cikinsa a 1922, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yana nan tsaye an mai da shi gidan tarihi. A Kano, Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909 ya zauna, yana nan ana kai 'yan makaranta. Gidan Malam Aminu Kano ma na Gwammaja, watau Mambayya, Jami'ar Bayero ta riƙe shi ana karatu a ciki. Duk na ƙasa ne ko mafarinsu na talaka ne, ba su faɗi ba don an sami masu kula. Amma ku je Zungeru, wadda ta yi zaman babban birnin Arewa kafin a koma Kaduna. Gadar ƙafa ta Lugga kaɗai aka ciro aka kai Kaduna a 1954, mafi yawan sauran gine-ginen an bar wa ciyawa.

Mu ma a nan mun san kula da abin da muka ɗauka da daraja. Hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno ya kuma rasu a nan cikin 1837, yana nan ana ziyararsa daga ko'ina, haka kuwa ya kamata. Bature Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya rubuta labarin garin, har yau ana karantawa. Tarihin sarakuna yana da masu tsaronsa, Allah ya saka musu. Tarihin mai ɗaukar azara shi ne maraya. In mu ba mu tsaya masa ba, wa zai tsaya?

Abokan gāban waɗannan gine-gine guda uku ne. Na farko ruwa. Ginin ƙasa yana iya shekara 100 in ana yi masa yaɓe ana gyara indararonsa, amma damina uku ta ishe shi in an bar ruwa yana kwana a kan rufi. Mu kuwa mazauna bakin fadamar Rima mun san ƙarfin ruwa, mun ga abin da ambaliyar watan Satumba na 2010 ta yi wa ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar Goronyo. Na biyu gara, mai cin azara a ɓoye. Na uku kuwa, wanda ya fi su duka sauri, shi ne mutum mai dogon hannu. Irin waɗannan gine-gine galibi a tsakiyar gari suke ko a bakin hanya, inda fili ya yi tsada. Tun da aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi a 1976, dukiyar En'e ta zama ta hukuma, watau ta jama'a. Amma abin jama'a in ba a rubuce yake ba, na mai ƙarfi ne. Sai a bar gini da gangan ya faɗi, sa'an nan a ce ai kango ne, a yanka filin a raba tsakanin 'yan gaban goshi. Kai ɗan kasuwa da ke biyan kuɗin rumfa kowane mako, an taɓa yi maka shela cewa za a raba filin nan ka zo ka nema?

Akwai doka. Tun 1953 aka yi dokar tsare kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da ikon sa gini cikin jerin waɗanda ba a taɓawa. Amma hukumar da ke Abuja ba za ta san da ɗakin shari'ar da ke bayan kasuwarku ba sai kun gaya mata. Don haka ga abin da nake roƙon kowane reshe na jam'iyya a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya yi kafin ruwan bana ya sauka.

Na farko, kowane reshe ya sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi, ya zaɓi mutum uku: dattijo ɗaya, magini ɗaya, da yaro ɗaya mai iya rubutu da ɗaukar hoto da waya. Su zaga gari su rubuta kowane tsohon gini na zamanin En'e, da wurin da yake, da aikin da aka yi da shi, da halin da yake ciki yanzu, da wanda ke riƙe da shi. Ko harsashi ne kawai ya rage, a rubuta. Kada kowa ya shiga daji ko ƙauyen da ba lafiya saboda wannan aiki. Rai ya fi kango.

Na biyu, a zauna da tsofaffi, maza da mata, a ɗauki muryarsu da yardarsu. Kada a manta da mata, don su ne suka ɗebo ruwan gini, su ne suka yi tuwon masu aiki, sun kuma fi mu riƙe sunaye. Abin da tsoho ya gani da idonsa a rubuta shi dabam, abin da ya ji daga ubansa a rubuta shi dabam. Kada a ƙara gishiri don son jam'iyya, gama ƙarya guda tana ɓata gaskiya goma.

Na uku, a yi kwafi uku. Ɗaya ya zauna a ofishin reshe, ɗaya a kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ɗaya kuma a kai wa malaman tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗalibanmu da ke karatu a Kaduna su leƙa gidan ajiyar takardun gwamnati da ke can, inda aka tara fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Razdan, su gwada abin da Di'o ya rubuta da abin da tsofaffinmu suka faɗa.

Na huɗu, mu tafi wurin shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da hakimanmu cikin ladabi, da littafinmu a hannu, mu nemi abu biyu. Kada a rushe ko a sayar da wani gini da ke cikin littafin sai an yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a wata uku kafin ranar. Kuma wanda za a iya gyarawa a ba jama'a su yi amfani da shi, domin ɗakin da ba a shiga shi ke faɗuwa. Wani ya zama ajin yaƙi da jahilci, wani ɗakin karatu, wani ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, wani wurin ajiyar albasa da tafarnuwa.

Na biyar, in za a yi gyara, a ba maginan garin, a biya su haƙƙinsu a hannu. Kada a kawo ɗan kwangila ya lafta wa bangon ƙasa siminti, don siminti yana riƙe danshi a ciki, bango ya ruɓe daga baya, kowane magini ya san haka. Wanda ya ga dama ya zo gayya don Allah, madalla, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kada a tilasta wa kowa ko da ɗaukar tulu ɗaya. Abin kunya ne a gyara shaidar aikin tilas da aikin tilas.

Abu na ƙarshe da nake fata in gani kafin in mutu shi ne allo a jikin kowane ginin da muka ceto. Ban damu a rubuta sunan Razdan ko na Di'o ba, sunayensu suna cikin littattafai tun tuni. A rubuta da boko da ajami cewa talakawan ƙauye kaza da ƙauye kaza ne suka gina wannan ɗaki da harajinsu da ƙarfinsu, ba a biya su ba. Yaro in ya karanta wannan a hanyarsa ta zuwa makaranta, zai san kuɗin hukuma daga ina suke fitowa, zai kuma san yana da ikon tambayar inda suka tafi.

Sakatarorin rassa, ku sa wannan magana cikin taronku na wannan mako, ku aiko mana da sunayen gine-ginen da kuka samu, za mu riƙa buga su a wannan shafi gari gari. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha wuya, ya ba talaka sawaba. Wassalam.

Naku,
Akawun Jam'iyya, Wurno.